Dragon Quest: Murhun da Ya Rage da Dutse Ɗaya

A daren Juma'a 23 ga Yulin 2021 aka buɗe gasar Olamfik a birnin Tokyo, a filin da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga. Da aka zo wajen shigowar tawagogin ƙasashe, ta Girka a gaba kamar yadda aka saba, sai ƙahonni suka tashi da wani take mai kama da na fitowar sarki. Baƙon da ke kallo daga nesa zai iya ɗauka wani tsohon kiɗan fadar Turawa ne. A Japan kuwa, daga ɗan makaranta har magidanci mai furfura, ba su buƙaci a gaya musu ba: taken Dragon Quest ne, wani wasan bidiyo da ya fara fitowa a 1986. Ƙasar da sarautarta ta haura shekara dubu ta zaɓi ta tari baƙinta da kiɗan wasan yara.

Na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda za su ce ina ruwanmu da wasan yaran Japan. Uzurina shi ne, abin da ya ja ni ga labarin ya wuce wasa. Mutum uku ne suka ɗauki wannan aiki tun daga farkonsa, kamar duwatsun murhu: ɗaya yana rubuta labari, ɗaya yana zane, ɗaya yana tsara kiɗa. Sun yi shekara 35 a haka ba a sauya ko ɗaya ba, a sana'ar da ake canza ma'aikata kamar riga. Yanzu biyu sun mutu. Duk mai sana'ar da sunansa ya zama shi ne jarin sana'ar, marubuci ne ko mawaƙi ko maƙeri, wata rana magadansa za su tsaya inda kamfanin da ya mallaki Dragon Quest yake tsaye a yau.

Labarin ya faro ne daga wata gasa. A 1982 wani ƙaramin kamfani mai suna Enix, wanda Yasuhiro Fukushima ya kafa, ya so shiga kasuwar wasannin kwamfuta alhali ba shi da masu ƙirƙira. Sai ya sa gasa da kyautar kuɗi, ya ce duk mai wasan da ya haɗa da hannunsa ya kawo. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai wani ɗan sakandare, Koichi Nakamura, da wani marubuci mai zaman kansa, Yuji Horii, wanda aka haifa a tsibirin Awaji a 1954. Horii ya je ne don ya rubuta rahoton gasar ga mujallar Shonen Jump, ya shigar da wani wasan tanis da ya haɗa, ya fito cikin gwanaye. A 1983 kamfanin ya tura su wani baje kolin kwamfutocin Apple a San Francisco, kuma daga wannan lokaci wani nau'in wasan Amurkawa ya kama zukatansu, musamman Wizardry da Ultima.

Wannan nau'i yana bukatar ɗan bayani. A cikinsa mai wasa yakan shiga rigar wani jarumi ne, ya yi tafiya gari zuwa gari, ya yi magana da mutane, ya sayi takobi da sulke, ya yi faɗa da dodanni a daji. Kowane faɗa da ya ci yana ƙara masa ƙarfi da kuɗi. Ba saurin yatsa ake nema ba, domin faɗan bi da bi ne: ka zaɓi abin da za ka yi, sara ko tsafi ko magani ko gudu, sannan dodo ya yi nasa. Irin na Amurka suna da wuya ƙwarai, an yi su ne don manya masu kwamfuta mai tsada da haƙurin karanta littafin ƙa'idoji. Abin da Horii ya ƙudurta shi ne ya kai wannan nau'i kan Famicom, na'urar da Nintendo ya fitar a 1983, wadda ake jonawa da talabijin a tsakar ɗaki, maɓallanta 'yan kaɗan, masu ita kuma yara.

Wanda ya taso a biranenmu a shekarun 1990 ya san wannan na'ura ko da bai san sunanta ba. Kwaikwayonta ne 'yan kasuwa suka riƙa shigowa da shi, da kaset mai alƙawarin ɗaruruwan wasanni alhali kaɗan ne ake maimaitawa, su Super Mario da Contra. Ba kasafai ake samun Dragon Quest a cikinsu ba, don shi sai da karatu, karatun kuma na Japananci.

Sauran duwatsun biyu sun zo ta hanyoyi mabambanta. Editan Horii a Shonen Jump, Kazuhiko Torishima, shi ne kuma editan Akira Toriyama, mai zanen Dr. Slump da Dragon Ball, wanda a lokacin tauraronsa ke haskawa. Shi ya haɗa su, ya kuma buɗe wa wasan shafukan mujallar da ke sayar da miliyoyin kwafi duk mako. Na ukun, Koichi Sugiyama, ya girme su nesa ba kusa ba, don an haife shi a 1931, kuma ya riga ya yi suna wajen tsara waƙoƙi da kiɗan talabijin. Shi da kansa ya cike wata 'yar takardar jin ra'ayi da ke cikin kwalin wani wasan shogi na Enix, wato darar Japanawa. Ma'aikatan suka ga sunan suka yi mamaki, suka neme shi. Daga baya ya sha faɗin cewa taken wasan minti biyar ya ɗauke shi, amma a haɗa da shekara 54 da ya yi a duniya kafin ranar.

Ranar 27 ga Mayun 1986 wasan ya fito. Kaset ɗin kilobayit 64 ne kacal, wato bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannun yau ba, kuma a ciki aka cusa duniya guda da garuruwanta da kiɗanta. Tsabar ƙarancin wuri ta sa haruffa 20 kawai aka iya sawa daga jerin katakana, har Horii ya sauya sunayen wasu dodanni don su dace da haruffan da ke akwai. Labarin kuwa ba shi da nisa da tatsuniya: Sarkin Dodanni ya sace wani dutsen haske, an ɗauke gimbiya an ɓoye a kogo, sarki ya kira wani saurayi, jikan tsohon jarumi Roto, ya ɗora masa nauyi.

Gwanintar tana cikin yadda aka riƙe hannun mai wasa. Ana farawa ne a kulle cikin fadar sarki, ba a fita sai an yi magana da fadawa, an buɗe akwatuna, an sami mabuɗi an buɗe ƙofa. Kafin yaro ya taka waje ya koyi duk abin da zai bukata, ba tare da ya san an koyar da shi ba. Da ya fito daga gari, ga fadar Sarkin Dodanni can a tsallaken ruwa, yana ganinta tun a mintin farko, amma sai ya kewaye ƙasar duka kafin ya isa. Idan aka kashe shi a hanya, ba a mayar da shi farko. Yakan farka gaban sarki, a yi masa faɗa, a ɗebe rabin kuɗinsa, amma ƙarfin da ya tara yana nan. A ganina wannan ƙa'ida ita ce zuciyar Dragon Quest gaba ɗaya. Wasannin zamanin suna tace gwanaye ne su zubar da saura. Wannan kuwa ya ce sannu ba ta hana zuwa: maras gwaninta ma, in ya daure ya ci gaba da tara ƙarfi, zai ga ƙarshe. A ƙarshen kuma akwai wani tarko. Sarkin Dodanni yakan ce wa jarumi ya ajiye takobi a raba duniya biyu, ya ɗauki rabi. Wanda kwaɗayi ya sa ya amsa da to, allon ya yi duhu, tafiyar ta ƙare a nan.

Kaset ɗin ba ya iya ajiye inda aka tsaya. Mai wasa zai kwafi wata kalmar sirri mai harafi 20 a takarda, gobe ya shigar da ita ya ɗora. A kashi na biyu, wanda ya fito a Janairun 1987, kalmar ta kai har harafi 52, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya cinye aikin yini guda. Na farko ya sayar da kimanin kwafi miliyan 1.5 a Japan, na biyu kimanin miliyan 2.4.

Kashi na uku ne ya mayar da wasan lamarin ƙasa. Ya fito ranar Laraba 10 ga Fabrairun 1988, ranar makaranta da aiki. Dubban mutane suka yi layi a gaban shaguna, wasu tun daren jiya, musamman a unguwar Ikebukuro ta Tokyo. An sayar da fiye da miliyan ɗaya a rana guda, 'yan sanda suka tattara ɗaruruwan ɗaliban da suka gudu daga aji, aka kuma sami rahotannin ƙwace kaset daga hannun yara a kan hanyar gida. Daga nan wata jita-jita ta samo asali, wai majalisar Japan ta yi dokar hana fitar da Dragon Quest a ranar aiki. Babu wannan doka. Kamfanin ne da kansa ya koma fitar da sababbin kashi a ƙarshen mako, amma har yau ana maimaita ƙaryar, watakila don ta fi gaskiyar daɗin faɗi.

Wasan kansa ya cancanci layin. Taswirarsa ta yi kama da ta duniyarmu, da ƙasa mai dala kamar Masar, da tsibiri kamar Japan, da wani sarki mai kama da na Fotugal wanda ba zai ba ka jirgin ruwa ba sai ka kawo masa masoro daga gabas. Mai wasa yana zaɓar abokan tafiya uku da sana'ar kowannensu. Bayan an yi zaton an gama, sai a faɗa wata duniya ta ƙarƙashi, mai duhu, a gane ashe ita ce ƙasar kashi na farko tun kafin zamaninsa, jarumin da kake riƙe da shi kuma shi ne Roto da aka yi ta ambata shekara biyu da suka wuce. Yaron da ya ji labarin kakan kakanni a 1986 ya wayi gari shi ne kakan. An sayar da kimanin miliyan 3.8. A wannan karon an sa ɗan batiri a kaset don ajiya, sai dai wani lokaci ajiyar takan goge, wasan ya sanar da hakan da wani mugun sauti da Japanawa da yawa suke cewa har yau yana tayar musu da tsigar jiki.

A kashi na huɗu, na 1990, akwai babin da jaruminsa wani ɗan tireda ne mai ƙiba, Torneko, wanda burinsa bai wuce ya mallaki shagon kansa ba, kuma mai wasa yakan tsaya bayan kanta yana ciniki. Amma in za a tambaye ni wanda ya fi, na biyar zan nuna, na 1992. An fara da jarumin yana ɗan shekara shida, yana bin mahaifinsa a tafiye-tafiye. A gaban idonsa aka kashe uban. Ya yi shekara goma a bauta yana ɗaukar duwatsun ginin wani gidan tsafi. Ya kuɓuta, ya girma, aka kai shi inda zai zaɓi matar aure tsakanin Bianca, abokiyar ƙuruciyarsa, da Flora, 'yar attajiri, zaɓin da Japanawa ke gardama a kansa har gobe. Ana haifa masa tagwaye aka mayar da shi gunkin dutse, aka sayar da shi, ya yi shekara takwas a tsakar gidan wani mai kuɗi yana kallon ɗan wani yana girma. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk tsawon rayuwarsa yana neman jarumin da aka yi alƙawarin zai ceci duniya, ya ɗauki takobin alƙawarin ya ga ba ya iya sarrafa shi. Ashe ɗansa ne. Ban san wasanni da yawa da suka yarda su gaya wa mai riƙe da maɓalli cewa ba shi ne zaɓaɓɓe ba, uban zaɓaɓɓe ne, kuma hakan ma matsayi ne.

Daga nan tazara ta riƙa tsawo: na shida a 1995, na bakwai a 2000 kan PlayStation, na takwas a 2004, na tara a 2009 kan Nintendo DS ta hannu, na goma a 2012 wanda ake yi ta intanet, na sha ɗaya a 2017. Ƙa'idar kamfanin ita ce a bi na'urar da ta fi yawa a gidajen Japanawa, ko da ba ita ta fi ƙarfi ba. A tsakani, ranar 1 ga Afrilun 2003, Enix ya haɗe da babban kishiyarsa Square, mai Final Fantasy, suka zama Square Enix.

Kwatanta waɗannan kishiyoyi biyu yana fito da halin kowanne. Final Fantasy, wanda Hironobu Sakaguchi ya fara a 1987, kusan kowane kashi yakan rushe gini ne ya sake sabo: sabuwar duniya, sabon salon faɗa, har na 16 da ya fito a 2023 ya koma faɗan saurin yatsa. Dragon Quest kuwa ya kafe. Sautin hawa matakala, da ɗan kiɗan kwana a masauki, da na ƙarin ƙarfi, suna nan yadda aka san su tun zamanin Famicom. Dodon farko da ake haɗuwa da shi har yanzu shi ne Slime, wanda Horii ya zana a matsayin wani ƙazamin kwaɓaɓɓen abu, Toriyama ya mayar da shi ɗigon ruwa shuɗi mai murmushi, ya zama tambarin wasan. Hasali ma, a kashi na sha ɗaya na Japan an bar ƙofar shigar da tsohuwar kalmar sirri: wanda ya adana takardar da ya rubuta a 1986 yana iya shigar da haruffan bayan shekara 31, wasan ya karɓa.

Wannan kafewa ta jawo hasara a waje. A Amurka wasan ya isa a 1989, shekara uku a makare, da sunan Dragon Warrior, domin wani wasan tebur ya riga ya mallaki sunan. Bai karɓu yadda aka zata ba, har Nintendo ta riƙa raba shi kyauta ga masu biyan kuɗin mujallarta, Nintendo Power. Na biyar da na shida ba su fito da Turanci ba a zamaninsu, na biyar sai a 2009. Turai ba ta ga babban kashi ko ɗaya ba sai 2006. A wannan tsakani Final Fantasy VII na 1997 ya cinye kasuwar duniya. Masu suka suna cewa Dragon Quest tuwon jiya ne ake ɗumamawa, kuma ba su rasa hujja ba: akwai kashin da tsawonsa ya wuce kima, na bakwai yakan ci sa'o'i ɗari, kuma tara ƙarfi ta hanyar maimaita faɗa yana iya zama aikin gajiya. Amma ni ina ganin sun auna shi da mudun da ba nasa ba. Mutumin da ya yi wasan yana ɗan shekara goma, ya dawo yana da arba'in bayan doguwar ranar ofis, ba sabon darasi yake nema ba. So yake ya tarar da gida yadda ya bar shi, ya kuma iya miƙa wa ɗansa maɓalli ba tare da dogon bayani ba. Jimillar abin da aka sayar ta haura kwafi miliyan 85, kuma kaso mafi tsoka a cikin Japan ne.

Akwai wani abu game da Sugiyama da bai kamata a tsallake ba. Shi ne ya ɗaga darajar kiɗan wasan bidiyo, ya kai shi zauren Suntory na Tokyo a 1987 da makaɗan gargajiyar Turai, ya kuma tsara wa jerin wasannin kiɗa fiye da 500. Amma kuma ya shahara da musanta ta'asar da sojojin Japan suka yi a Nanjing ta China a 1937, kuma yana cikin waɗanda suka buga talla a jaridar Washington Post a 2007 suna musanta cewa an tilasta wa matan ƙasashen da Japan ta mamaye zama a gidajen biyan bukatar sojoji. Shi ya sa lokacin da aka buga takensa a Olamfik wasu suka yi murna, wasu suka ji zafi. Daɗin kiɗan bai wanke wannan matsayi ba, kuma ban ga dalilin da mai son wasan zai sa ya yi kamar bai sani ba.

Sugiyama ya mutu ranar 30 ga Satumban 2021 yana da shekara 90, wata biyu bayan wancan dare. Toriyama ya bi shi ranar 1 ga Maris 2024 yana da 68. Tun a Mayun 2021 aka sanar da kashi na sha biyu, Horii ya ce zai fi na baya duhu, an nufi manya da shi, kuma za a taɓa tsarin faɗan bi da bi. Kamfanin ya ce kiɗan wannan kashi shi ne aikin Sugiyama na ƙarshe. Shekara huɗu suka shuɗe bayan sanarwar ba a ga wasan ba.

Abin da aka gani a maimakonsa shi ne tsofaffin kashi cikin sabuwar riga. An sake gina na uku aka fitar a Nuwamban 2024, ya sayar da miliyan biyu cikin 'yan makonni, na ɗaya da na biyu suka biyo baya a Oktoban 2025. Ta fuskar kasuwa dabara ce mai kyau, amma ba ta amsa tambayar ba, don rumbun da matattu suka cika ake ɗiba. Akwai masu zanen da suka daɗe suna aiki da salon Toriyama har ba a cika bambance hannunsu da nasa ba, kuma kiɗa 500 ya isa a yi ta juyawa shekaru. Tsorona shi ne kamfanin ya ga wannan ya wadatar, ya mayar da wasan gidan tarihi, inda kowane sabon dodo kwaikwayon tsoho ne. Toriyama bai sami Slime ta hanyar bin zanen da aka ba shi ba, saɓa masa ya yi. Duk wanda zai gaje shi yana bukatar a ba shi irin wannan dama, kuma mai ba da ita mutum ɗaya ne ya rage. Horii ya haura shekara 70, kuma har yanzu shi ke jagorantar aikin.